Selenayit ko yis mai seleniyam: wanne ya fi dacewa da kajin ƙwai?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya tambaya ko akwai bambanci na gaske tsakanin nau'i biyu na seleniyam, ma'adinin da ake ƙarawa a abincin kaji, wato mai arha da ake kira sodiyom selenayit da kuma mai tsada da ake samu daga yis, ko kuwa tallar masu sayarwa ce kawai. Malam, bambancin yana nan, sai dai ba a adadin ƙwai za ka fi ganinsa ba, a abin da ke cikin ƙwan ne.

Dukansu aiki ɗaya suke yi wa kaza. Jikinta na buƙatar seleniyam kaɗan ƙwarai domin haɗa sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma yana yin wannan aiki ne tare da bitamin E. Idan abincin bai yi ƙarancinsa ba, kazar da ke cin selenayit da wadda ke cin na yis kusan ƙwai iri ɗaya za su saka wajen yawa da nauyi, saboda haka wanda burinsa cika kiret ne kawai ba shi da ƙwaƙƙwaran dalilin biyan ƙarin kuɗi.

Inda suka rabu shi ne hanyar da kowanne ke bi bayan an haɗiye shi. Selenayit gishiri ne na ma'adini. Jiki yana ɗaukar abin da yake buƙata, ragowar kuma da yawa tana fita ta kashi, ɗan abin da ya isa ƙwai kuwa galibinsa a gwaiduwa yake taruwa. Shi kuwa na yis, ana samar da shi ta hanyar renon yis a ruwa mai seleniyam, wanda ke sa mafi yawansa ya koma selenometiyonin. Wannan sinadari ya yi kama da metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, har jikin kaza ba ya rarrabe su, sai ya dinga gina shi cikin tsoka da farin ƙwai. Wannan ne ya sa seleniyam ke ƙaruwa sosai a ƙwan kajin da aka ba na yis cikin 'yan makonni, kuma kazar tana samun ajiya a tsokarta da za ta iya jawowa lokacin zafi ko rashin cin abinci. Babban ƙwai na yau da kullum yana ɗauke da kimanin maikirogiram 15, wanda aka inganta kuma yana iya ninka haka, alhali bukatar baligi a rana bisa ma'aunin Amurka maikirogiram 55 ce. A ganina, masu kiwon iyayen kaji su suka fi cin ribar wannan, domin abin da ya shiga ƙwai shi ɗan tsako zai fara rayuwa da shi.

Batun iyaka kuwa bai bar kowanne ba, domin tazarar da ke tsakanin amfani da guba a seleniyam ƙanƙanuwa ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙarin da bai wuce miligiram 0.3 a kilo ɗaya na abinci ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade jimillar a 0.5, kuma daga ciki ƙarin nau'in yis ba zai wuce 0.2 ba. Idan aka zarce da yawa, ƙyanƙyasa ce ke fara nuna alama: ƙwai su ƙi fashewa, ko 'yan tsaki su fito da nakasa.

Miligiram 0.3 a kilo na nufin ƙasa da rabin giram a tan guda, adadin da ba a iya gaurayawa daidai da hannu, shi ya sa ake shigar da shi ta firimis, wato haɗaɗɗen garin bitamin da ma'adinai da ake zubawa a abincin kaji. Kafin ka sayi wani ƙari, duba takardar firimis ɗinka, domin akasarinsu suna ɗauke da selenayit tun farko. Idan za ka koma na yis, maye gurbin wani kaso za ka yi, kada ka ɗora shi a kan wanda ke ciki.