Biki a tsohuwar fada a ƙasar waje: Alƙahira, Fas, Santanbul ko Italiya?

Daga Agege da Idi-Araba har gidajen manyan 'yan kasuwarmu na Ikoyi da Lekki, ba baƙon abu ba ne yanzu a ji an ce dinar wance a waje za a yi. Amarya ce kan ga hoton wata tsohuwar fada a Instagram, ta nuna wa Hajiya, Hajiya ta kai maganar gaban Alhaji. Kafin a tura ko sisi, a tuna cewa ginin da ya haura shekara 100 yana da nasa dokoki, kuma masu shi ba su san kamu ko sa lalle ba. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne su wa za su iya zuwa, kuma wace al'ada wurin zai bar ku ku yi.

Ɗaurin aure dai a yi shi a gida. Waliyyi na nan, shaidu na nan, limamin unguwa ya san iyalan biyu, kakar da ba ta iya hawa jirgi ma za ta ci goronta. Yi wa auren baƙi rajista a wata ƙasa na jawo fassarar takardu da sintiri a ofisoshi. Abin da za a kai waje walima ce ko dina, sai kamu idan an so.

Ga iyali mai yawa, Alƙahira nake sa wa a gaba. EgyptAir na tashi kai tsaye daga Legas, tafiyar kamar awa biyar, kuma yana zuwa Kano, don haka dangin da ke Arewa ba sai sun fara gangarowa Ikeja ba. A tsibirin Zamalek akwai fadar Gezira wadda sarkin Masar Khedive Isma'il ya gina domin manyan baƙin bikin buɗe mashigin Suwez a 1869. Yau ita ce tsakiyar otal ɗin Marriott mai ɗakuna sama da 1,000: tsohon zaure da lambu na nan don shagali, ɗakunan kwana kuma na zamani ne, har da na'urar hawa bene. Wannan babban sauƙi ne ga dattijan da gwiwa ke damu. Mena House kuwa, wanda asalinsa masaukin farauta ne na sarkin, yana gindin dalar Giza, kuma hotonsa ba shi da na biyu. Sai dai yana gefen gari, cunkoson Alƙahira kuma ko ɗan Legas zai jinjina masa. A nemi kwanan wata tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin daga Maris iskar ƙura kan taso, sannan zafi ya biyo baya. Kowa ya tanadi biza da katin rigakafin cutar shawara.

Maroko ta fi kusa da zuciyar mutanenmu. Malikiyya suke bi kamar mu, kuma a Fas kabarin Shehu Ahmad Tijjani yake, wanda ya rasu a 1815. Dattijon da zai yi ta jan ƙafa idan an ce masa dina, yana jin za a haɗa da ziyara zai fara neman fasfonsa. Royal Air Maroc na kai mutum Kasabalanka daga Legas, daga nan a hau jirgin ƙasa zuwa Fas ko Marrakesh. Tsofaffin gidajen attajirai da suke kira riyad suna da tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa da bangon da aka yi wa ado da ƙananan tayil masu launi, ga sirri, ba mai leƙen mata daga titi. Iyali kan kama gidan gaba ɗaya, a yi lalle yau, gobe kamu, ba wanda zai ce lokaci ya cika. Su ma suna da daren lalle a bikinsu, mai zanen lalle ba ta wahalar samu.

Amma riyad ba ya ɗaukar taro mai yawa. Mota ba ta shiga cikin tsohon birnin Fas. Akwatunan amarya a baro ko bayan alfadari ake shiga da su ta lungunan da mutum biyu ke gogar kafaɗa. Matakalar gidajen matsattsiya ce mai tsayi. Idan akwai Hajiya mai keken guragu, a nemi gidan da ke kusa da ƙofar gari, a kama mata ɗakin ƙasa tun da wuri. Marrakesh ta fi manyan wurare, irin otal ɗin La Mamounia da aka buɗe a 1923, sai dai a Yuli da Agusta zafinta kan haura digiri 40.

Santanbul ta masu son ƙasaita ce. Fadar Çırağan ta Sarkin Daular Usmaniyya Abdul'aziz tana bakin mashigin Bosforus. Ta ƙone a 1910, daga baya aka gyara ta ta zama otal ɗin Kempinski. Kusa da ita, a unguwar Ortaköy, akwai gidan Esma Sultan na 1875, wanda gobara ta bar bangonsa kawai, aka gina zauren gilashi a cikinsa, ga masallaci dab da shi. Turkish Airlines na zuwa kai tsaye cikin kamar awa bakwai, abinci kuma ba abin damuwa ba ne. Tsada ce matsalar, kuma irin waɗannan wurare kan tilasta a ci daga kicin ɗinsu. Mai burin masa da miyar taushe a tebur ya tambaya tun farko.

Italiya na bar wa ƙarshe, kuma ban ba da shawararta ga wanda zai gayyaci dangi da yawa ba. Villa del Balbianello da ke bakin tafkin Como, ginin 1787, kyakkyawa ce ƙwarai, amma ta kwalekwale ko a ƙafa ake isa gare ta. Bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Italiya, Yuro 90 ce ga kowane babba, kowa kuma da kansa ake duba shi, babu tabbacin ƙanwar uwar amarya za ta samu. Ba a yarda a shiga Tarayyar Turai da nama a jaka ba, ke nan kilishi da dambun nama sun tsaya a Legas. Naman halal da wurin sallah sai an nema musamman.

Ko ina aka zaɓa, a sa a rubuta amsar wasu tambayoyi cikin yarjejeniya. Ana barin a kunna turaren wuta? Gini mai rufin katako da na'urar gano hayaƙi kan hana garwashi, kaskon lantarki ma sai da izini. Ƙarfe nawa ake kashe kiɗa? Ina za a yi alwala, kuma ana iya raba wa mata zaurensu? Wa zai biya idan lalle ya ɗiga a kan marmara? Kuɗin kafin alƙalami fa, ana mayar da shi idan an hana manyan baƙi biza? Da dala ko Yuro ake ciniki, kuma kun san yadda naira ke hawa da sauka, don haka a tsayar da farashi da ranakun biya a rubuce.

Zuwa da kai ya fi aike. Mutum biyu daga iyalin, ɗaya daga cikinsu mace wadda ta san hidimar biki, su je su taka matakalar, su ɗanɗana abincin, su ga wurin da daddare a daidai lokacin da za a yi taron. A duba kalanda kada ranar ta faɗa cikin azumi ko kwanakin aikin Hajji, kuma a fara neman biza wata shida kafin biki.