Diátaxis ko DITA: wanne ya dace da littafin jagorar manhajarku?

Malam, ka tambaya wane tsari za ku bi wajen shirya littafin jagorar manhajarku, Diátaxis ko DITA. To, tunda ku uku ne kacal ke riƙe da manhajar makarantun nan a Samaru, kuma littafin jagorarta ya zama tsibin fayiloli ba kai ba gindi, ku ɗauki Diátaxis, ku ƙyale DITA.

Daniele Procida ne ya fito da Diátaxis. Ba manhaja ba ce, ƙa'ida ce ta raba rubutu gida huɗu: darasi, yadda-ake-yi, kundin dubawa, da sharhi. Takardun jagorar Django, wani kayan aikin gina manhajojin intanet, a kan irin wannan rabo suke, kamfanin Canonical mai Ubuntu ma shi yake bi.

Darasi na sabon shiga ne. A ce an ɗauki sabon magatakarda a wata makaranta a Tudun Wada: ka kama hannunsa ya buɗe manhajar, ya shigar da ɗalibi ɗaya na gwaji, ya buga masa rasit, ya ga abu ya fito. Hanya ɗaya tak, babu "ko kuma". Yadda-ake-yi kuwa na wanda ya riga ya iya ne, aiki ya cije masa: yadda ake gyara maki bayan an rufe zangon karatu, yadda ake dawo da bayanai idan an ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa. Kowane take ya fara da "Yadda ake", kowane shafi matsala ɗaya. Kundin dubawa shi ne jerin filaye, maɓallai da lambobin kuskure, a bushe, ba hira. Sharhi kuma ya faɗi dalili, misali abin da ya sa malamin aji ba zai iya goge sakamako ba sai shugaban makaranta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne cakuɗa darasi da yadda-ake-yi. Sai ka ga bursa na neman matakai biyar, iyaye sun yi layi a ƙofar ofis, shi kuma shafin yana koya masa menene rumbun bayanai. Kafin ku ajiye kowane shafi ku yi tambaya biyu: mai karatun koyo yake yi ko yana bakin aiki? Abin yi yake nema ko sani? Amsar ce za ta nuna gidansa. Kada kuma ku buɗe folda huɗu fanko ku ce sai an cika su. Ku ɗauki shafin da ke hannu, idan ya haɗa abu biyu ku tsaga shi.

Ku rubuta da Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomi masu sauƙi, ku haɗa da MkDocs, manhajar da ke mayar da shi shafukan intanet, ku jera gidajen huɗu a ƙarƙashin nav, sashen jera shafuka, cikin fayil ɗin saitinta mai suna mkdocs.yml. Idan a filashi za ku kai wa makarantar da ba ta da intanet, ku sa use_directory_urls ya zama false a cikin wannan fayil ɗin, in ba haka ba mahaɗan shafukan za su riƙa buɗe folda maimakon shafi.

DITA fa? Daga IBM ta fito, OASIS, ƙungiyar da ke tsayar da ƙa'idojin fasaha, ta amince da ita a 2005, kuma gaskiya ta iya maimaita sakin layi ɗaya a littattafai da yawa ba tare da kwafa ba. Amma XML ce, wato rubutu mai tarin alamomin buɗewa da rufewa, kuma kafin ta zama littafi sai an girka manhajar DITA Open Toolkit da Java, wadda take aiki a kanta. Tirela ce za ku ɗauko don buhun masara ɗaya daga kasuwar Sabon Gari.

Wani abu da ba ka tambaya ba: duk wanda ya ce zai sayar muku da "lasisin Diátaxis", ɗan damfara ne, kyauta ake karanta shi a intanet. Haka masu tallar Oxygen XML Editor, manhajar rubuta DITA da ake saya, a kan kuɗin cefane, fasasshe ne, wani ma da ƙwayar cuta a ciki. Idan kuma kun ba wani kwangilar rubutun, kada ku cika masa kuɗi a kan PDF kaɗai, sai ya miƙo fayilolin Markdown ɗin kun buɗe su da hannunku.