Na yi aikin kiliyan ɓoye a bankuna uku na Yamai, ga abin da ya rage a aljihuna

Ƙanen matata ne ya jawo ni cikin wannan harka. Yana karatu a jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda, kuma duk wani aikin 'yan kwanaki na cika takardun tambayoyi a garin nan, in ka duba da kyau za ka ga ƙeyarsa a ciki. Ni kayan lakwal nake sayarwa a kasuwar Wadata, kaye da biki da alli da jakunkunan yara, kuma kowa ya san daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba mai irin sana'ata ƙuda kawai yake kora a rumfa. Wata magariba ya same ni a gida Bukoki ya ce, "Yaya, akwai wani kamfanin bincike da ke neman dattawa masu kamala. Ka shiga banki kamar kowa, ka buɗe asusu, ka lura da yadda aka karɓe ka, ka kawo labari a biya ka." Na ce masa yau na ji sabon salo, wulaƙancin da muke sha kyauta shi ne za a biya mu mu je mu sha?

Ga yadda abin yake. Manyan banki suna son sanin yadda yaransu ke yi wa mutane idan idon shugaba ba ya wurin. Sai su ɗauki wani kamfani na waje, shi kuma ya aika mutane irina, waɗanda ba wanda zai kalla sau biyu. Mu a tsakaninmu kiliyan ɓoye muke cewa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba kuma zan faɗi sunan bankunan ba, don na sa hannu a kan haka, kuma ko ban sa ba, akwai 'ya'yan mutane da ke cin abinci a wuraren.

Ofishinsu ɗaki biyu ne a Filato. Wata mata ce ke kula da mu, kowa Madam yake ce mata, mai magana a tsaye, ba ta da wasa amma ba ta da raini. Rabin yini ta yi tana koya mana aikin. Ka duba agogo lokacin da ka taka ƙofa da lokacin da aka kira ka. Gardi ya gaishe ka? An ba ka wurin zama? Takardar farashin ayyuka tana manne inda ido zai gani? Ma'aikaci ya faɗa maka abin da za a riƙa cirewa duk wata tun kafin ka tambaya? Tambayoyi 42 ne a cikin salula, kuma dole ka cika su a ranar, ka haɗa da hoton resi. Ta ja mana kunne cewa suna na gaskiya da takardu na gaskiya za mu bayar, labarin baki kaɗai ake ɗan canzawa. Lada jika 12 da rabi ne, wato sefa 12,500, kan kowane asusu da aka buɗe. Na lissafa uku a zuci na ga 37,500, na ce Alhamdu lillahi, buhun shinkafa ya samu har da canji.

Abin da ban tsaya na auna ba shi ne kuɗin zubin farko daga aljihuna za su fito. Madam ta faɗa, ba ta ɓoye ba: "Alhaji, ai kuɗinka ne, suna nan cikin asusunka." Gaskiya ne. Sai dai jika 60 da aka raba wa bankuna uku aka ce kar a taɓa asusun sai bayan wata uku, ga mai ƙaramin jari ba ƙaramin abu ba ne. Daga adashen uwargida na ranta, kuma har yau in mun yi saɓani sai ta tuna mini.

Takardu kuwa su ne na kullum: katin ɗan ƙasa, hotuna, da shaidar inda kake zaune. Haya nake yi, takardar wutar NIGELEC da sunan mai gida take fitowa, don haka sai da na je kumsariya neman takardar mazauni. Safiya guda ta tafi a nan.

Banki na farko kusa da Babbar Kasuwa yake. An ce in je da shiga mai kyau in yi Faransanci, wanda daidai gwargwado ina ji, tunda na kai aji huɗu na kwaleji a Tawa kafin kasuwa ta ɗauke ni. Ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. Minti 25 aka kira ni, saurayin ya juyo da takardar farashi ya sa biki a kan layin ajiyo, wato kuɗin kula da asusu da banki ke cirewa, ya ce jika 2 duk wata. Na fito ina cewa ashe aikin nan cin banza ne.

Na biyu shi ne labarin. An ce in je a matsayin ɗan kasuwar da ba ya jin komai sai Hausa. Wannan bai yi mini wuya ba, don yayana albasar Galmi yake saukewa a Katako, na san maganar buhu da daraja da asarar damina kamar tafin hannuna. Na sa tsohuwar jallabiya da silifa, na yafa rawani. Gardi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, aike ne ko karɓa?" Ya ɗauka na ɓata hanya, wurin aika kuɗi nake nema. Na ce asusu zan buɗe. Ya nuna mini benci. Awa ɗaya da minti 40 na yi a kan bencin nan, ina kallo mutum uku masu kwat suka shigo bayana suka wuce ciki da gaisuwar hannu. Kusa da ni wani tsoho ne na gaskiya, ba irina na haya ba, ya zo daga wajen Filinge da takarda a cikin leda, ba wanda ya ce masa kanzil har na tashi. A cikin tambayoyi 42 babu ko ɗaya da ta tambayi yadda aka yi wa na kusa da kai. A gurbin ƙarin bayani na rubuta shi, ko an karanta oho.

Yarinyar da ta karɓe ni kuwa, wallahi ta yi ƙoƙari. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa ce, amma ta miƙe ta gaishe ni, ta ce "Baba, sannu da haƙuri," ta sa aka kawo mini ruwa. Ta cika takardun da kanta, tunda duk da dokar 2025 da ta mai da Hausa harshen ƙasa, ban ga ko layi ɗaya na Hausa a takardar banki ba. Ta ce za ta sa ni cikin wani tsari mai kyau, da katin cirar kuɗi, da saƙo a salula duk lokacin da kuɗi suka motsa, da inshora. Ta yi 'yan alamomi ta ce in sa hannu nan da nan da nan. Idona na kan takardar, ina ganin 3,500 duk wata baƙi a kan fari, amma ni a ranar ba na karatu. Na tambaya da Hausa, "Ɗiyata, nawa za a riƙa ci?" Ta ce, "Kaɗan ne, Baba, ba za ka ji ba." Na sa hannu.

Daren nan na daɗe da salula a hannu kafin in cika. Akwai gurbin sunan ma'aikaci. Yarinya ta girmama ni fiye da yadda wasu 'ya'yan cikina ke yi, kuma na tabbata ba ita ta ƙirƙiro tsarin ba, daga sama ake ɗora musu adadin da za su sayar. Amma tambayar a fili take, an faɗa maka kuɗin wata ko ba a faɗa ba? Na rubuta ba a faɗa ba. Na kuma rubuta ruwan da ta ba ni da miƙewar da ta yi. Wanda zai shiga aikin nan ya san da wannan, ba duka ne yawo cikin sanyin kilim ba.

Na uku asusun ajiya ne mai ɗan littafi, can hanyar Yantala. Sau uku na je. Ranar farko babu rezo, rana ta biyu mai sa hannu ya fita, rana ta uku aka gama cikin minti 30. Kamfani ziyara ɗaya ya sani, kuɗin taksi na sauran biyun sadaka na yi.

Biya ya zo bayan kwana 47, ta Airtel Money, cif yadda aka yi alkawari ba a rage ko dala ba. Nan na yaba musu. Ba su taɓa neman kuɗin rajista ba, ba su taɓa tambayar lambar sirrin katina ba. Ina nanata wannan ne don a cikin watannin nan wani ya turo mini saƙo a WhatsApp, wai shi ma aikin kiliyan ɓoye ne, in buɗe asusu in miƙa masa kati da lambar sirri a ba ni jika 50. Wannan ba bincike ba ne, hayar sunanka ake yi a wuce da kuɗin da ba ka san asalinsu ba. Akwai hukumar CENTIF da aikinta ke nan, bin sawun irin waɗannan kuɗi, kuma ranar da aka biyo sawu, sunan da ke kan asusun shi za a kira, mai WhatsApp ya daɗe da canza lamba.

Inda kamfanin ya kasa a wurina shi ne maganar rufewa. Ladan buɗewa suka yanka, fita kuwa kai da Allahnka. Ƙanen matata ya nuna mini a salularsa cewa a Ingila bankuna da kansu ke ba mutum tukuici don ya sauya sheƙa ya dawo wurinsu, kuma tun 2013 suna da tsarin da cikin kwana 7 na aiki ake kwashe komai daga tsohon asusu a rufe shi ba tare da ka taka ƙafa ba. To, can ke nan. A nan ƙafarka ce tsarin. Abin da muke da shi, wanda kuma mutane da yawa ba su sani ba, shi ne tun 1 ga Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya wajabta ayyuka 19 kyauta a ƙasashe takwas masu amfani da sefarmu. Buɗe asusu na ciki, rufe shi na ciki, haka zuba kuɗi, da cira a na'urar bankinka, da takardar bayanin asusu ta wata-wata, da kula da asusun ajiya mai littafi. Amma ajiyon asusun yau da kullum ba ya ciki, kuɗin tsarin da aka sa ni ma ba ya ciki. Rufewa kyauta ce, sai dai kafin a rufe sai ka biya duk abin da ya taru. Wanda ya buɗe asusu don jika 12 ya watsar da shi ya manta, ajiyo na nan na cin abin da ke ciki wata bayan wata, in ya ƙare ya koma bashi a kansa.

Ga lissafin kamar yadda na rubuta a bayan wani kaye. Taksi 4,800. Hotuna da fotokofi 2,500. Takardar mazauni da abin da ya bi ta 1,500. Ajiyon banki na farko wata uku 6,000. Tsarin banki na biyu wata huɗu 14,000, don buɗe lakwal ya riske ni a Oktoba ban samu zuwa kan lokaci ba, wannan laifina ne. Duka 28,800. A cire daga 37,500, saura 8,700. Na ɗauki takardun bayanin asusu na koma Filato na shimfiɗa wa Madam a tebur. Ta duba, ta yi shiru, ta ce ba ya cikin yarjejeniya amma za ta yi magana. Bayan sati biyu aka turo mini jika 7. Ya zama 15,700 ke nan, ladan tafiya wajen goma da jika 60 da suka yi wata uku a ɗaure, daidai lokacin da ya kamata in saro kaye tun da araha.

Shin zan ba wani shawara ya yi? Mai albashi ko ɗan fansho da ke da lokaci, wanda dama yana tunanin barin bankinsa, ya yi, don zai zagaya ya gwada da kuɗin wani. Mai jari ƙanƙane kamar nawa ya karɓi ziyarar tambaya kawai, wadda ake shiga a yi bincike a fito ba a buɗe komai ba. Ladanta bai kai ba, amma ba ta da wutsiya. Wanda kuma ya nace sai ya buɗe, ya sa a rubuta masa tun farko wa zai biya ajiyo da ranar da aka yarda ya rufe. Mu da muka ga layin ƙofar banki bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ake ƙayyade wa mutum abin da zai cira daga guminsa, ba ma buƙatar a koya mana cewa shigar kuɗi banki ta fi fitarsu sauƙi.

Asusun ajiyar na bar shi, uwargida ta ce a nan za ta riƙa ajiye kwasar adashe, ruwan da ake ɗorawa kuma a fitar a ba mabuƙata, ita ba ta ci. Na farko na rufe shi cikin ziyara biyu. Na biyu aka ce sai na rubuto wasiƙa zuwa ga shugaban reshe, in haɗa da katin. Na zauna nan kan bencin da na sani na rubuta da hannuna, na kai gishe. Yarinyar nan ce. Ta karanta wasiƙar, ta ɗago ta dubi rawanina, ta sake duban rubutun.

"Baba, wa ya rubuta maka?"

Na ce ni ne.

Ta ɗan yi jim, sannan ta buga hatimi a kan kofi ɗaya ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce in dawo ranar Alhamis in karɓi sauran kuɗina. Na koma Alhamis ɗin aka ce babu rezo, sai Litinin na karɓa.