GARGAƊI ga masu ƙananan ofis: mai haɗa intanet da wayar intakom ya cinye mana N1,380,000

Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace nake rubuta wannan, duk wanda ya ga maganata na hawa kan juna ya yi haƙuri. Akwai wani mutum da yake bin ofis-ofis a cikin Kano yana cewa shi injiniya ne, yana haɗa wa ƙananan ofisoshi intanet da wayoyin tebur, irin wanda kwastoma zai kira lamba ɗaya ta shiga wajen sakatare, shi kuma ya tura wa wanda ake nema. N1,380,000 ya karɓa a hannunmu. Miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da tamanin. Yau ba intanet ɗin, ba wayar, kuma babban layin ofis wanda mutane suka san mu da shi shekara da shekaru an rufe shi ta dalilinsa. Allah ya isa, wallahi Allah ya isa.

Sunansa da lambarsa ba zan sa ba tukunna saboda lauya ya ce in dakata tunda magana tana hannun hukuma. Amma hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit da alat ɗin banki duk suna nan na ajiye, zan ɗora su da zarar an ba ni dama.

Mu aikinmu jigilar kaya ne, muna haɗa 'yan kasuwa da manyan motoci, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Fatakwal, yawancin kwastomominmu 'yan Dawanau ne da Singa da Kantin Kwari. Duk wanda ya san wannan harka ya san waya ita ce jarin. Direba na hanya zai kira, mai kaya zai kira, mai karɓa a can zai kira, duk a layi ɗaya da yake cikin wata ƙaramar waya da ake miƙa ta hannu-hannu, in wanda take aljihunsa ya tafi masallaci shi ke nan sai a jira. Intanet kuma daga wayata nake kunna wa kowa. Shi ya sa Kawu, wanda shi ne mai ofis ɗin, ya ce in nemo wanda zai yi mana tsari na zamani, ya damƙa min maganar da kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin Kawu ne, ba nawa ba. Wannan shi ne abin da yake hana ni barci.

Kuma don Allah kar wanda ya zo ƙasa ya ce min ai ba ka yi bincike ba. Na yi. Ba a Facebook na tsince shi ba, maƙwabcinmu mai shagon buga takardu ne ya ba ni lambarsa, ya ce ya taɓa gyara musu rauta, wato na'urar da take rarraba intanet. Na nemi takardar farashi, ya kawo a rubuce da tambari da lambar rajista a sama. Na ɗauki takardar na je Farm Centre na tambayi kuɗin kayan ɗaya bayan ɗaya, kuɗin ya yi kusa da nasa, bai yi arhar da za ta sa mutum ya tsorata ba. A takardar ya rubuta rauta MikroTik sabuwa, da akwatin rarraba kira wanda suke ce wa PBX, da getwe mai cin layi huɗu, wato na'urar da ake zuba layukan waya a ciki ta haɗa su da wayoyin tebur, da wayoyin tebur shida, da suwic mai ba wayoyin wuta ta cikin kebul, da kebul Cat6 na jan ƙarfe zalla. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce intanet ɗin zai ɗora a kan kamfani biyu, in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya karɓa ba tare da mun sani ba. Duk abin da ya faɗa akwai shi, ana yi, ba ƙarya ya ƙirƙira ba. Mutum ya san aikin. To ta ina zan gane?

Abin da ya sa na saki jiki kuwa ba zan manta ba. Yana zaune a kujerar da take gaban teburina, ya fito da wayoyin tebur biyu daga jaka ya jona su da wani ɗan akwati, ya ce ranka ya daɗe danna 102. Na danna, ɗayar ta yi ƙara a kan teburin akawu. Sannan ya ce, Alhaji kar ka ba ni ko sisi na aikin hannu sai ka ga abu yana aiki, kuɗin kaya kawai za ka bayar, ni amana nake nema ba kuɗi ba. Haka ya ce. Kar ka ba ni ko sisi sai ka ga yana aiki. Na kawo kuɗin mota ya ƙi karɓa, aka kira sallah muka tafi tare, ya bar jakarsa da laftof a ofis. Ku gaya min tsakani da Allah, waye a cikinku zai kalli wannan ya ce ɗan damfara ne? A ranar na tura N850,000.

Kuɗin uku ne. N850,000 na kaya, N380,000 wai na lasisin akwatin kira da rajistar getwe, sai N150,000 na batir da ƙaramar inbata don kar abu ya mutu in an ɗauke wuta. Ku haɗa, N1,380,000. Na ukun ma ina ga kafin na biyun ne, domin na tuna lokacin da ya kawo maganar batir ba a gama jan kebul ba, alat ɗin dai zai nuna. Asusun da na tura ba sunan kamfanin da yake kan takarda ba ne, na kuma tambaye shi a take, ya ce na kamfani banki sun riƙe shi ana sabunta takardu, wannan na abokin aikinsa ne. A wannan zamani waye ba a taɓa riƙe wa asusu ba? Amsa ce mai ma'ana ya ba ni.

Ya zo ya yi aiki fa, wannan shi ne abin da yake rikita mutane in ina ba su labari. Bai gudu da kuɗi a ranar ba. Ya zo da yaro ɗaya, suka ja kebul, suka kafa akwati a bango suka kulle da kwaɗo, wayoyi huɗu aka ɗora a maimakon shida wai biyun suna hanya daga Legas. Ya karɓi babban layinmu ya sa a getwe, ya ce in sayo ƙarin layi biyu da sunan ofis, na je na yi musu rajista da NIN ɗina, nawa na kaina, tunda yanzu ba a ba da layi sai da shi. Na huɗun ya ce shi zai kawo. Abu ya yi aiki. Kawu ya zo ya ɗaga waya ya kira akawu daga ɗakinsa yana murna yana sa min albarka a gaban yara.

Daga nan kati ya fara ƙarewa. Mu zuba kati da yamma, da safe babu. Na kira shi ya ce ai yaranku ne suke kiran gida da wayar ofis. Na tara yara na yi musu faɗa, har yaron da ya fi kowa daɗewa da mu ya yi fushi ya ce a duba, shi bai taɓa ba. Sai kuma wasu mutane da ba mu sani ba suka fara kiran layinmu suna cewa an kira su da wannan lamba cikin dare, wata mata ta ce ɗanta da yake ƙasar waje ne ya kira ta amma lambarmu ta gani. Na gaya masa wannan ma, ya ce matsalar netwok ce, layuka ne suke haɗewa. Na nemi kalmar sirrin shiga rauta da akwatin kira, ya ce ba a ba kwastoma don kar a taɓa wani abu garanti ya lalace, in akwai matsala shi yana iya shiga daga inda yake ya gyara. Kamar ka gina gida ne magini ya ce makullin zai zauna a wajensa. Na matsa, ya ce zai kawo a rubuce in ya zo da wayoyi biyun da suka rage.

Af, na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan, ranar da suka gama aiki na ce ina kwalayen kayan, ya ce yaronsa ya kwashe ya zubar don kar su cika mana ofis. Na tambaya fa. Ina da saƙon da na tambaya.

Ranar da layuka suka mutu gaba ɗaya, uku a lokaci guda, na tafi ofishin kamfanin layin. Abin da aka gaya min shi ne an ga layukan suna fitar da kira ba ƙaƙƙautawa zuwa lambobi daban-daban irin yadda mutum ba ya yi, kuma an rufe su bisa zargin abin da ake kira sim boks. Sai a lokacin aka yi min bayani. Kiran ƙasar waje ne ake shigo da shi ta intanet, a sauke shi a kan na'ura mai layukan gida, sai ya fita kamar kiran cikin gida, mai na'urar ya karɓi kuɗi a wajen masu turo kiran. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haramta wannan, laifi ne. Wato da intanet ɗinmu, da wutarmu, da katinmu, da layin da yake ɗauke da NIN ɗina mutumin nan yake kasuwancinsa cikin dare muna gida muna barci. Ni ne sunana yake kan layi biyu. Ni za a nema in abu ya yi tsami, ba shi ba.

Na kira shi daga bakin ƙofar wajen, ya ɗauka ya ce yana Kaduna wajen wani aiki, gobe da sassafe yana tafe. Kashegari waya a kashe. WhatsApp ya cire hotonsa, saƙo alamar tik ɗaya yake nunawa har yau. Adireshin da yake kan takardarsa na je, shagon sayar da labule ne, ba su taɓa jin sunan ba. Lambar rajistar da take sama kuwa da aka duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta wani kamfani ce daban wanda ba ruwansa da wannan sana'a ko kaɗan. Maƙwabcin da ya haɗa mu shi ma hankalinsa ya tashi, ya rantse sau ɗaya ya taɓa yi musu gyara, kuma na yarda da shi.

Muka fasa kwaɗon muka kira wani mai gyara na gaskiya, wanda ƙanin matata ya sani. Yana buɗewa ya yi salati. Rautar tsohuwa ce an goge ta, har da alamar tsohuwar sitika a ƙasanta. Akwatin kiran da aka ce mun biya wa lasisin N380,000 ba wani akwati ba ne, wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta ce aka ɗora mata manhajar kyauta wadda kowa zai iya saukewa, ba lasisin komai. N380,000 a kan abin kyauta. Ya yanki kebul ɗin ya kankare da reza sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, shi ya sa wayar ɗakin Kawu da ta fi nisa take yawan mutuwa tana tashi. Ramin layi na huɗu ba komai a ciki, bai taɓa sa nasa ba, ya san abin da yake yi. Kamfani biyun da ya ce intanet zai riƙa sauyawa a tsakaninsu, ɗaya ne kawai a jone. Batir ɗin N150,000 ya kumbura. Da mai gyaran ya samu ya shiga ciki ya nuno min jerin kiran, shafi bayan shafi, daga tsakar dare zuwa asuba, kuma getwe ɗin a ɗaure yake da wata sabar waje, wato kwamfutar da take turo kiran ta intanet, da ba mu san ta ba. Na ɗauki hoton wannan ma, zan sa.

Kar ka ba ni ko sisi sai ka ga yana aiki. Ashe kuɗin aikin nasa yana cikin N850,000 tun ranar farko, sauran kuma riba. Ina ta juya maganar nan a raina, yadda ya kalle ni ya faɗe ta, yadda ya tura min kuɗin motar baya da hannunsa.

Kawu bai ce min komai ba sai Allah ya mayar da alheri, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Kwastomomi suna kiran tsohon layi ba ya shiga, wasu sun ɗauka mun rufe, wani babban mai kaya a Dawanau ya ba wa wasu lodinsa saboda ya neme mu bai samu ba. Wannan asarar ba ta cikin N1,380,000 ɗin ma. Na ba yaran ofis haƙuri a kan maganar kati. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, na rubuta wa bankina da takardar ƙorafi, an ce riƙe asusun da kuɗin ya shiga sai da umarnin kotu, lauya yana kai. Maganar buɗe babban layi kuma mun kai takardu muna jira.

In za ku sa irin wannan a ofis, ku sayi kayanku da kanku a kwali da rasit, mai haɗawa aikin hannu kawai za ku biya shi. Ku duba lambar CAC kafin ku tura, kuma sunan asusu ya zama sunan kamfani. Kalmar sirri a hannunku kafin ya fita daga ƙofa, ku canza ta, ku sa wani daban ya rufe hanyar shiga daga waje ya nuna muku inda ake ganin jerin kira. Kati ya fara ƙarewa ba dalili, ku zare layukan a ranar.

Duk wanda aka yi wa irin wannan a Kano ko Kaduna, musamman in an nuna masa wayoyi biyu an ce ya danna 102, ya yi min magana ta akwatin saƙo, lauya ya ce in muna da yawa ƙarar za ta fi ƙarfi. Mutumin da ya cuce mu dogo ne, baƙi, yana sa tabarau, yana yawo da baƙar jaka ta goyo, Hausarsa tas. Ku tura wa duk mai ofis da kuka sani.