Yadda aka karɓi masu buƙata ta musamman a rumfar zaɓenmu

Gaskiya a wajen layi kam jami'an zaɓe sun yi ƙoƙari. Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 na raka kawuna da baya gani, muna isa jami'in ya ce "Baba ku wuce gaba", ba wanda ya yi ƙorafi, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ma bata wahalar da shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kwalin nan mai rubutun makafi, ana zura takardar ƙuri'a a ciki sai mutum ya shafa ya gane jam'iyyar da yake so ya dangwala da kansa, sirrinsa na hannunsa. Amma fa sai wanda ya koyi rubutun, makafinmu da yawa basu je makarantar ba, dole dai dan rakiya ya shiga da su kamar yadda dokar zaɓe ta 2022 ta yarda.

Inda aka gaza shi ne wurin. An kafa akwati a barandar firamare mai matakala uku ga kwata a gaba, wata baiwar Allah mai keken guragu sai da samari suka ɗaga ta cak. Wallahi abin ya dame ni. A sauko da akwatin ƙasa ƙarƙashin bishiya mana, ko sisi ba za a kashe ba.