Na kwashe imel da imapsync: girkawa da wahala, aiki kuwa babu ƙorafi

Sauya kamfanin da ke ajiye wa ƙungiya shafinta na intanet ba wani abu ba ne, shafin kansa ana kwashe shi kafin shayi ya huce. Akwatunan imel ne ke hana barci, don a ciki ake samun rasitai, takardun kwangila da wasiƙun shekara da shekaru waɗanda babu mai yafe maka idan suka salwanta. Da irin wannan aiki ya faɗo kaina a wata ƙaramar ƙungiya da nake kula wa da kwamfutoci a Kano, wata manhaja mai suna imapsync na ɗauka.

Wani Bafaranshe mai suna Gilles Lamiral ne ya rubuta ta da yaren Perl, tana nan tun 2001. Aikinta ɗaya ne: ta shiga akwati a tsohuwar saba (kwamfutar da ke ajiye imel ɗin) ta hanyar IMAP, wato tsarin da manhajoji ke bi su shiga akwatin imel, ta shiga wani a sabuwa, ta kwafe wasiƙu da foldodinsu, har da ranakunsu da alamar an karanta ko ba a karanta ba. Babu maɓallin dannawa, komai rubuta shi ake yi a taminal, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

Girkawar ce ke gwada haƙurin mutum. Mai Mac yana samunta ta Homebrew, manhajar girka manhajoji, akwai kuma ta Docker, wanda ke kawo manhaja haɗe da duk kayan da take buƙata, ga wanda ya saba da shi. A Ubuntu kuwa, wato wani nau'in Linux, sai da na fara jero tarin kayan Perl da take dogara da su, irin su libmail-imapclient-perl da libio-socket-ssl-perl, sannan na sauko da fayil ɗin imapsync na ba shi izinin aiki. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, sai ta tsaya da saƙon da ke farawa da "Can't locate", sunan abin da ya ɓace na biye. Shawarata, a buɗe takardar girkawa ta Ubuntu da ke tare da manhajar a bi jerin yadda yake, daga nan a rubuta perl -c imapsync. In ta amsa da "syntax OK", an haye.

Umarnin kansa ba shi da sarƙaƙiya: --host1, --user1 da --password1 na tsohon gida, irinsu masu lamba 2 na sabon gida. Na fi son --passfile1 da --passfile2, domin kalmar sirrin da aka rubuta a fili tana zama cikin tarihin taminal, kuma wannan amanar mutane ce. Kafin taɓa wasiƙa ko ɗaya akwai --justlogin da ke gwada shiga kawai, da --dry da ke nuna abin da za ta yi ba tare da ta yi ba. Shi kuwa --automap shi ya daidaita mini foldar wasiƙun da aka aika, wadda kowace saba ke kira da nata suna.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne yadda take ɗorawa daga inda ta tsaya. Wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, ka sake ba ta umarnin, za ta duba abin da ya riga ya isa ta tsallake shi, ba ta ninka wasiƙa. Ga mu da muke aiki da wutar da ba ta da alƙawari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka kada a kunna ta a laftof da datar waya. Kowace wasiƙa sai ta sauko kwamfutar da imapsync ke kai kafin ta haura sabon gida, wato datarka za ta ƙone sau biyu. Ni a kan sabuwar sabar na kunna ta, cikin tmux, manhajar da ke barin aiki ya ci gaba ko ka fita daga saba, na rufe laftof na tafi harkokina. Da safe na buɗe foldar LOG_imapsync, na gangara ƙarshen rahoton, na ga adadin da aka kwashe, da wanda aka tsallake, da layin "Detected 0 errors". Sai a lokacin na sauya MX na ƙungiyar, wato saitin da ke nuna sabar da sababbin wasiƙu za su nufa, na sake kunna ta don kwaso ragowar da suka shigo tsohon akwati a tsakani.

A nan ne nake jan kunne kan --delete2. Yana goge duk wasiƙar da ke sabon akwati wadda babu ita a tsohon. Bayan an sauya MX, sababbin wasiƙun mutane ke nan zai share. Kada a kusance shi sai an san dalili.

Mai ƙaura zuwa Gmail ya sani cewa Google na ƙayyade abin da za a loda ta IMAP a rana, saboda haka babban akwati zai ɗauki kwanaki, kuma ana buƙatar kalmar sirri ta musamman ta manhaja. Lambobin abokan hulɗa da kalanda kuwa ba ta kwashe su, wannan aikin daban ne.

Manhajar tana nan a GitHub, amma Lamiral yana sayar da ita tare da tallafi a shafinsa. Wanda ake biyansa kuɗin irin wannan aiki, ya kamata ya saya.