Sharhi Kan Mai Hoton Da Na Kira Ya Ɗauki Furannin Wardi

Sana'ata kwalliyar wurin biki ce, kuma tun da na fara sayo ɗanyen furen wardi daga Jos nake fama da matsala guda: duk hoton da na ɗauka da wayata, sai jan furen ya fito a dunƙule kamar an ɗiga fenti, ba a ganin yadda ganyayyakinsa suka naɗe juna. Wannan ne ya sa a watan Afrilu na kira wani mai hoto da ake yabawa a harkar biki a nan Kano, na biya rabin kuɗin aiki, muka tsayar da ƙarfe 7 na safe a gidana da ke Tarauni.

Bai iso ba sai bayan azahar. Duk wanda ya san bazarar Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da wannan jira zai yi wa furen da ya kwana a mota cikin kwali. Na yi ta sauya ruwan bokiti ina jefa ƙanƙara, babu wuta balle fanka, har gefen fararen ya fara komawa ruwan ƙasa. Da ya shigo, "Hajiya, a yi haƙuri" kawai ya ce, ya jera furannin a tsakar gida cikin rana tsaka, ya hau ɗauka. Abin da ya nuna mini bai fi na wayata da komai ba, domin jajayen sun ƙone, fararen sun zama kamar takarda, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin a tsakiyar kowane fure.

Zan yi masa adalci, washegari ya dawo da sanyin safiya bai nemi ƙarin ko kwabo ba. Ya bayyana mini cewa a idon kyamara, cikin kowane ɗigo huɗu masu karɓar haske, biyu na kore ne, ɗaya na shuɗi, ɗaya tak na ja, kuma idan haske ya yi yawa jan ne ke fara cika ya tumbatsa, shi ya sa siffar furen ke ɓacewa. Ya mayar da su inuwar baranda, ya rage hasken da ke shiga kyamarar, ya sa ƙanwata ta riƙe farin mayafi a gefe don ya mayar da haske mai laushi cikin furen. Ya kafa kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, ya tsuke ƙofar haske, saboda a kusa sosai bakin ganye ɗaya ne ke fitowa sarai, sauran su dushe. Har iska sai da ya jira ta lafa kafin ya danna. Hoton wani jan fure da ya nuna mini, ana ganin jijiyoyin ganyen da ɗan laushin nan mai kama da karammiski, kuma gaskiya na ji daɗi har na manta da fushina.

Sai dai da na zauna na yi tunani, raina ya sake ɓaci: mutumin da ya san duk wannan, me ya kai shi ɗauka cikin rana jiya, in ba neman sallamata ba? Fararen da suka lalace haka na zubar da su, ba su shiga hoto ba. Hotunan ma sai bayan mako biyu ya turo, kuma ya ƙara musu launi a kwamfuta har wata uwar amarya ta ce irin mai duhun nan take so, alhali ban taɓa sayo irinsa ba. Yana da hannu, zan iya sake kiransa, amma ba zai ga kuɗina ba sai ya kafa kyamararsa a barandata kafin rana ta ɗaga.